Daga Yelwa Zuwa Wara: Yini Guda a Kan Ruwa Tsakanin Tsibiran Kainji

Da yammacin Asabar, idan rana ta yi sanyi, bakin Tafkin Jabi da ke Abuja kan cika da ma'aikatan da suka shafe mako suna kai-komo tsakanin ofis da ɗakin taro. Wasu su zauna su ci gasasshen kifi, wasu su biya kuɗi a zagaya da su cikin ƙaramin jirgi mai inji. Kafin mutum ya sa ƙafa akan miƙa masa rigar kariya daga nutsewa, a ƙirga waɗanda suka shiga, a yi zagaye na 'yan mintoci a dawo da su inda aka ɗauke su. Tafkin, wanda aka tare a farkon shekarun 1980 domin bai wa sabon birnin ruwan sha, shi ne iyakar sanin da akasarin mazauna Abuja suka yi wa tafiya a kan ruwa. Sauran kuwa a waya suke ganinsa: fararen jiragen shaƙatawa na masu hannu da shuni suna ratsa shuɗin teku tsakanin tsibiran Karebiyan ko na Seshel.

Amma ƙasar Hausa ma tana da nata tsibiran, da nata matuƙan, da tafiyar yini guda wadda ake farawa da asuba a yi fatan kammalawa kafin magariba. Tana can arewa maso yammacin Abuja, inda Kogin Neja ya ratsa Masarautar Yauri ya buɗe ya zama Tafkin Kainji. A can jirgi shi ne motar kasuwa, shi ne motar asibiti, shi ne kuma ke kai amarya ɗakinta. Hukumomin da doka ta ɗora wa kula da lafiyar wannan hanya na tarayya ne, kuma kasafin kuɗinsu ta teburan Abuja yake bi. Wannan ya sa ya dace ma'aikacin da ke sa hannu a irin waɗannan takardu ya san yadda yinin yake gudana, daga sassafe har faɗuwar rana.

Asuba a bakin ruwan Yelwa

Yelwa, hedikwatar Masarautar Yauri a Jihar Kebbi, tana zaune ne a kan gaɓar gabas, daidai inda kogin ya fara faɗaɗa. Ana idar da sallar asuba bakin ruwa ke farkawa. Dogayen jiragen katako suna jere, gabansu a kan tudu, bayansu a cikin ruwa, kowanne da injin da ake rataya masa a baya. A gefensu akwai ƙananan kwalekwale na masunta waɗanda suka kwana a ruwa, suna fitar da abin da koma da ƙugiya suka kamo: karfasa, tarwaɗa, kurungu, wani lokaci har da giwan ruwa wadda sai mutum biyu sun ɗaga. Mata na ciniki, 'yan dako na kai-kawo da buhuna, hayaƙin banda ya gauraye da ƙaurin fetur.

Lodin jirgi yana da ƙa'ida wadda kowane matuƙi ya sani. Kaya masu nauyi, wato buhunan hatsi da albasa da siminti, su ake fara shimfiɗawa a ƙasa da tsakiya, domin jirgin ya zauna daidai. Babura da awaki su biyo baya, mutane su zauna a kan kayan da gefe-gefe. Akwai yaro a tsakiyar jirgi wanda aikinsa shi ne kwalfe ruwan da ke tsatsowa ta tsakanin katakai, akwai kuma wani a goshin jirgi riƙe da doguwar gora yana duban abin da ke gaba. Alamar da idon gwani ke fara nema ita ce tazarar da ta rage tsakanin bakin jirgi da fuskar ruwa. Idan ta kai kamu biyu ko uku, da sauran numfashi. Idan ta koma 'yan yatsu, to duk wata taguwa mai ɗan ƙarfi tana iya haurowa ciki.

A nan lissafin mai jirgi yake karo da lissafin tsira. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin man da inji ke sha ya ninka, fasinjojin kuwa manoma ne da masunta da 'yan kasuwar ƙauye waɗanda ba za a iya ninka musu kuɗin fito yadda aka ga dama ba. Hanyar da ta rage wa mai jirgi ya fitar da uwar kuɗinsa ita ce ya ƙara mutum goma, ya ƙara buhu ashirin. Su ma fasinjojin ba su son a bar su a baya, domin kasuwa sau ɗaya take ci a mako, wanda jirgi ya tashi ya bari kuwa kayansa na iya lalacewa a hannunsa. Kowa yana da hujjarsa, kuma duk hujjojin a cikin jirgi ɗaya ake zuba su.

Mutanen gungu

Da jirgi ya bar gaɓa ya miƙa kudu, sai tsibirai su fara bayyana. A bakin mutanen yankin tsibirin kogi shi ne gungu, daga nan ne Hausawa suka laƙaba wa mazaunansu suna Gungawa, su kuwa suna kiran kansu Reshe, kuma suna da harshensu. Tun kafin a san za a gina madatsar ruwa sun shahara da abu biyu: sanin kogi da noman albasa. Suna shuka ta a bakin ruwa da rani, su yi mata ban-ruwa da hannu, har albasar Yauri ta yi suna a kasuwannin Kudu. A kusa da su akwai Sarkawa, masuntan da asalinsu ya komo daga ƙasar Kabi, ga Kambari da Lopawa, ga kuma baƙin masunta da suka zo daga wasu sassan Najeriya da Nijar da Mali suka kafa bukkoki. Hausa ita ce harshen da ya haɗa kowa a kasuwa da cikin jirgi.

Wannan ƙwarewa ta ruwa ita ake nunawa a bikin Rigata na Yauri, inda ake tseren kwalekwale da ninƙaya da wasannin ruwa a gaban Mai Martaba Sarkin Yauri, Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, tsohon shugaban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Tarihin baka yana danganta bikin da zamanin da jaruman gungu ke fita farautar dorina domin kare gonaki da jirage. Dorinar tana nan har yau. Tana fitowa da dare ta ci shinkafar manoma, kuma uwa mai ɗa tana iya kifar da kwalekwale idan aka matse ta. Matuƙi ya san wuraren da take kwanciya, yakan kauce musu tun daga nesa ba tare da ya tsorata fasinja da bayani ba.

A kowane gungu da aka ratsa akwai abin saukewa da abin ɗauka. Jirgi ba ya samun dandamalin siminti da zai jingina. Ana kashe inji ne, mai gora ya tokare ƙasa, mutane su tattare riguna su taka cikin ruwa. A sauke gishiri da sabulu da jarkar fetur, a ɗauki busasshen kifi, musamman warangi, ƙananan kifayen nan da ake shanyawa a rana. Wata rana a ɗauko mai naƙuda ko yaron da zazzaɓi ya kayar, domin asibitin da ke da likita yana can gaɓa. Ma'aikacin lafiya mai kai allurar rigakafi, malamin firamare da aka tura ƙauye, jami'in zaɓe mai ɗauke da akwati, dukkansu a wannan jirgi suke zama, a kan wannan buhu.

Abin da ke kwance a ƙarƙashi

Tafkin da ake tafiya a kansa bai kai shekara sittin da haihuwa ba. An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka kammala a 1968, ruwa ya taru a bayanta ya yi tsawon kimanin kilomita 135. An tsara tashar ta samar da megawat 960 na lantarki, kuma har gobe tana cikin manyan tashoshin da ke ciyar da layin wutar ƙasa, wanda Abuja ke sha daga gare shi. Kuɗin da mutanen kogi suka biya shi ne muhallinsu: an tashi kimanin mutum 44,000 daga garuruwa da ƙauyukansu aka mayar da su sababbin matsugunai. Tsohon garin Bussa ya nutse, aka gina New Bussa a madadinsa. Babban tsibirin Foge, mai gonaki da ƙauyuka, shi ma ruwa ya rufe akasarinsa. Ragowar tudun da ke leƙowa a yankin an sanya su a 2008 cikin jerin dausayin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, saboda tsuntsaye da kifayen da ke hayayyafa a wurin.

Ba a sare dukkan itatuwan kwarin ba kafin ruwa ya hau. Da yawa sun mutu a tsaye, rassansu suka ruɓe, kututturen ya rage a ƙarƙashi, wani daf da fuskar ruwa. Jirgin katako mai nauyi da ya hau kan irin wannan kututture da gudu yana iya tsagewa nan take. Wannan shi ne dalilin da ya sa tsofaffin matuƙa ba sa bin miƙaƙƙiyar hanya a tsakiyar tafki. Suna bin tsohon kwarin kogin, wanda idon baƙo ba ya gani, suna auna shi da wani dutse a gaɓa, ko wata kuka, ko hasumiyar masallacin wani ƙauye. Taswirar tana cikin kansu, daga iyaye suka gaje ta, kuma duk tsohon da ya rasu yakan tafi da wani yanki nata.

Ruwan nan ya daɗe yana gwada baƙi. A ƙarshen 1805 Baturen nan ɗan Sikotland, Mungo Park, ya harhaɗa jirgi daga kwalekwale a Sansanding da ke ƙasar Mali ta yau, ya sa masa suna Joliba, ya gangaro da nufin gano inda kogin ya ƙare. Ya wuce Tumbutu, ya iso ƙasar Yauri, inda jagoransa Amadi Fatuma ya rabu da shi. A farkon 1806 ya halaka a duwatsun ruwan Bussa tare da sauran mutanensa. A 1830 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka zo Bussa, suka hau kogi zuwa Yauri suna cigiyar takardun Park, sa'annan suka gangara har bakin teku. Duwatsun da suka ci jirgin Park yanzu suna ƙarƙashin tafki, ba mai ganinsu.

Ambaliya biyu a shekara

Wanda ya bi wannan hanya a watan Janairu, idan ya dawo a Yuli zai yi zaton wani wuri aka kawo shi. Kogin Neja, mai tsawon kusan kilomita 4,200 daga tsaunukan Gini zuwa teku, yana kawo wa Kainji ambaliya biyu. Ta farko ita ce farar ambaliya, ruwan damina na nan kusa, mai laka, wanda ke cika tafkin daga wajen Agusta zuwa Oktoba. Ta biyu ita ce baƙar ambaliya: ruwan da ya sauka a Gini, ya bazu a faffaɗan dausayin Mali ya ajiye lakarsa, ya kwashe watanni yana tafiya, sa'annan ya iso a tsakiyar hunturu yana garau. Bayan ta wuce, injinan lantarki na ci gaba da jan ruwa, tafkin ya yi ta ja da baya har zuwa farkon damina. Tsakanin cikarsa da raguwarsa akwai kusan mita goma.

Mita goma a ƙasa mai shimfiɗe ba ƙaramin abu ba ne. Tsibirai sukan fito inda babu su a da, gaɓa ta yi nisa da gari, manoma su bi ruwan suna shuka a kan danshin da ya bari, Fulani su kora shanu zuwa sabuwar ciyawa. Hanyar da aka bi lafiya wata uku da suka wuce sai ta zama tarko, domin kututturen da ke da zurfin gaba biyu yanzu ya kusa taɓa cikin jirgi. Lokacin cikar ruwa kuma wata matsalar ke zuwa: kainuwa mai shuɗin fure, wadda ta shigo tafkin tun ƙarshen shekarun 1980, takan taho daga sama a dunƙule, ta toshe mashigai, ta naɗe farfelar inji. Inji ya mutu a tsakiyar ruwa da cikakken lodi, wannan shi ne abin da kowane matuƙi ke roƙon Allah ya raba shi da shi.

A nan ne kwatanci da masu jiragen shaƙatawa ke da amfani. Matuƙin da ke yawo tsakanin tsibiran Girenadin a Karebiyan, da jirgin da iska ke turawa, yakan yi tafiyar mil biyar zuwa shida na teku a awa guda. Mil ɗaya na teku kuwa mita 1,852 ne, wato kimanin kilomita tara zuwa goma sha ɗaya a awa ke nan. Da irin wannan gudu, ratsa Kainji daga kai zuwa gindi zai ci kusan awa goma sha huɗu, alhali hasken rana a wannan yanki bai wuce awa goma sha biyu da 'yan mintoci ba. Don haka yake yanka tafiyarsa gida-gida. Yana sauraron hasashen yanayi kafin ya ɗaga anga, yana shiga wuraren da ke da duwatsun murjani ne lokacin da rana take sama domin launin ruwa ya nuna masa zurfi, yana kuma son ya isa masauki da sauran rana. Matuƙin Yauri ya san kwatankwacin duk wannan, wataƙila ma fiye. Abin da ya rasa shi ne taswirar da aka auna, da alamomin da aka kafa a ruwa, da rediyon kiran agaji, da kuma halin da zai iya cewa yau ba zai tashi ba.

Azahar a tsakiyar tafki

Wajen azahar jirgi yakan fita daga siririn hannun arewa ya shiga faffaɗan tsakiya, inda faɗin tafkin ya haura kilomita ashirin. A nan gaɓar yamma, ta ɓangaren Agwara da Borgu a Jihar Neja, takan koma wani siririn zare a gindin sama, wani lokaci ta ɓace. Surutun da aka taso da shi daga Yelwa yakan ragu. Rana tana dukan kai, ƙarar inji ta cika kunne, mata sun lulluɓe yara da gyale, wani dattijo yana jan carbi. Masu sallah sukan ɗebi ruwa daga gefe su yi alwala a zaune, a yi haƙuri har a sauka.

Kowane lokaci na shekara da irin barazanarsa. Da hunturu hazo ne: ƙura ta rufe duwatsu da itatuwan da matuƙi ke auna hanya da su, ya koma dogaro da rana da yadda iska ke bugun fuskarsa. Da bazara zuwa farkon damina kuwa hadari ne. Yakan haɗo daga gabas, galibi da rana ta karkata, iska mai ƙarfi ta riga ruwan sama isowa. A fili irin wannan babu abin da ke tare ta, cikin ɗan lokaci fuskar tafki ta rikiɗe ta zama taguwa bayan taguwa. Dabarar matuƙi ita ce ya fuskantar da goshin jirgi ga taguwar, ya rage gudu, ya nemi bayan wani gungu ya fake. Babban abin tsoro shi ne fasinjoji su firgita su ruga gefe guda. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. A cikin ruwa, wanda bai iya iyo ba yakan riƙe wanda ya iya, su tafi tare.

Laraba, 26 ga Mayu, 2021

Wara, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ngaski, tana kan gaɓar gabas ta wannan faffaɗan wuri, kuma sunanta ya shiga labaran duniya ne ta hanyar da babu wanda ya so. A safiyar Laraba 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin katako da ke tafiya tsakanin gaɓar Jihar Neja da Wara ya tarwatse a tsakiyar ruwa. Ofishin yanki na Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, NIWA, ya bayyana a ranar cewa jirgin na ɗauke da kimanin mutum 180, an ceto 20, fiye da 150 ba a gan su ba. Jami'ai sun ɗora laifin a kan lodin da ya wuce kima da kuma tsufan jirgin. Kwanaki aka shafe masunta da masu ninƙaya na gari suna tsamo gawarwaki, ana sallah ana binnewa a bakin ruwa.

Ba a Wara abin ya tsaya ba. A watan Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a Kogin Neja a yankin Patigi na Jihar Kwara, suna dawowa daga ɗaurin aure cikin dare. A daren 1 ga Oktoba, 2024, wani jirgi mai ɗauke da kimanin mutum 300, akasari mata da yara masu halartar Mauludi, ya kife kusa da Gbajibo a Ƙaramar Hukumar Mokwa, aka rasa rayuka da dama. Idan aka jera rahotannin, abubuwa huɗu ke ta maimaituwa: lodi fiye da kima, tsohon jirgin katako, tafiyar dare ko karo da kututture, da rashin rigar kariya. Akwai na biyar wanda ba a cika rubutawa ba, wato babu takardar sunayen waɗanda suka shiga. Shi ya sa adadin mamata kan zama kintace, iyalai kuma su yi ta jiran wanda ba a tabbatar ko ya hau jirgin ba.

Akwai kuma abin da ke tura mutane ruwa ko da suna tsoronsa. Hanyoyin mota da ke zagaye tafkin dogaye ne, da yawansu sun lalace, gada kuwa babu ita tsakanin Yauri da gaɓar Rofia, sai fito. Matsalar tsaro ta ƙara dagula lissafi. Tun bayan sace ɗalibai da malaman Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a ranar 17 ga Yuni, 2021, da kuma ɓullar 'yan bindiga a dazuzzukan Gandun Dajin Kainji, mutane da yawa na ganin ruwa ya fi daji sauƙi. Idan aka kai wa ƙauye hari, jirgi ne mafita, kuma mai gudun ceton rai ba ya tsayawa ƙirga kujeru.

Inda takardun suke

A kan takarda, hanyar tana da masu ita. An kafa NIWA a 1997, hedikwatarta tana Lakwaja, kuma a watan Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar da ikon gwamnatin tarayya a kan hanyoyin ruwa na cikin gida. A watan Agustan 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ƙirƙiro Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa, ya naɗa Adegboyega Oyetola minista. An fitar da kundin ƙa'idojin sufurin ruwa na cikin gida wanda ya wajabta rigar kariya, ya hana tafiyar dare da lodin da ya wuce kima. A 2025 ma'aikatar ta ƙaddamar a Minna da rabon rigunan kariya 42,000 ga jihohi 12. Hukumar raya yankunan da ke samar da lantarki ta ruwa, HYPPADEC, ita ma ta raba riguna ta kuma gudanar da aikin cire kututture a tafkin. Hukumar NiMet na fitar da hasashen yanayi, NEMA na kai agaji, sa'annan dokar 2022 ta bai wa hukumar binciken haɗura ta NSIB ikon bincikar haɗuran ruwa.

Giɓin yana tsakanin kundin da bakin ruwa. Riguna 42,000 da aka raba wa jihohi 12 na nufin 3,500 ga kowace jiha, alhali jirage ashirin masu girman na Wara sun isa su cinye wannan adadi a safiya ɗaya. Rigar kuma tana tsufa, rana tana cin ta, wasu na ƙin sa ta saboda zafi ko saboda ganin an riga an rubuta kwanan kowa. A nan muryar limami da ta sarkin ruwa ta fi ta jami'i tasiri, domin su ne za su tuna wa mutane cewa ɗaure raƙumi ba ya hana tawakkali. Mashigai kuwa suna da yawa ƙwarai a gaɓar da ta kai ɗaruruwan kilomitoci, babu adadin jami'an da zai tsare su duka sai da haɗin kan ƙungiyoyin masu jirage da masarautu.

Abubuwan da za su fi rage mutuwa ba su da ƙyalli a jawabin ƙaddamarwa. Layi da fenti a jikin kowane jirgi wanda idan ruwa ya taɓa shi an daina lodi. Littafin rubuta sunayen fasinjoji a hannun shugaban tasha. Alamomi masu iyo a kan tsohon kwarin kogi, waɗanda za a kafa da shawarar tsofaffin matuƙa tun suna raye, tare da masanan cibiyar binciken kifi ta tarayya da ke New Bussa. Hasashen hadari da Hausa a rediyo da saƙon waya kafin jirage su tashi. Jirgin ceto mai mai a tanki a manyan tashoshi ranar kasuwa. Rance mai sauƙi domin mai jirgi ya maye ruɓaɓɓen katako da sabon jirgi. Kowanne daga cikinsu layi ne a kasafin wata hukuma, kuma wani mataimaki ne ke rubuta takardar da za ta sa a saki kuɗin ko a jingine su zuwa baɗi.

La'asar sakaliya

Idan tafiya ta yi kyau, da la'asar ake hango rufin kwanon Wara yana walƙiya. Mai gora ya miƙe tsaye, inji ya rage murya, cikin jirgi ya gogi yashi. Hamdala takan fito daga baki da yawa a lokaci guda. 'Yan dako su shigo ruwa har gwiwa, a fara miƙa yara hannu da hannu, sa'annan buhuna, sa'annan babura. Yaron da ya yini yana kwalfe ruwa ya miƙe bayansa ya nemi abinci.

Matuƙi kuwa yakan ɗaga kai ya dubi rana. Akwai waɗanda suka gama cin kasuwa suna son komawa gungunsu a daren, suna roƙo, wasu na ƙara kuɗi. Doka ta ce kada ya tashi, tsofaffinsa ma haka suka koya masa, amma akwai bashin mai a kansa, kuma idan ya ƙi wani zai yarda. A wannan sa'a babu jami'i a kusa, babu fitila a kan ruwa, hukunci nasa ne shi kaɗai. Can bayan madatsa injinan Kainji na juyawa, wutar tana bin wayoyi zuwa birane, ciki har da fitilun da ke fara kamawa a bakin Tafkin Jabi, inda ake karɓar rigunan kariya daga hannun fasinjojin ƙarshe ana rataye su kafin gobe.